An Taya ko An Sallama? Tace Labarin Kasuwa a Wayoyin Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Shekaru talatin da suka wuce, manomin riɗi a Mai Wurno ko a ƙauyukan kudancin Sinja, a ƙasar Sudan, ba ya sanin nawa aka sayar da kintari a Gadarif sai direban babbar mota ya dawo. Labarin kan iso a makare, amma an san bakin da ya faɗe shi, kuma gobe za a haɗu da mai bakin a masallaci. Yau kuwa, kafin manomin ya shanye shayin safe, wayarsa ta kawo masa farashi iri-iri na kintarin nan guda, da farashin dala kala-kala, da muryar wani da ke rantsuwa cewa gwamnati za ta hana fitar da riɗi, da hoton wata takarda mai hatimi wadda ba wanda ya san daga wane ofis ta fito. Ga buhuna jibge a zaure, ga dillali a ƙofar gida yana jiran amsa.

Manyan kamfanoni suna kiran wannan aiki binciken kasuwa, suna biyan ma'aikata da manhajoji su tace musu abin da jama'a ke faɗi a kafofin sada zumunta. Manomi da ɗan kasuwar ƙauye ma aikin da suke yi ke nan kullum, ba ma'aikaci ba manhaja. Abin tambaya shi ne yadda mutum zai zaƙulo labarin da zai iya ɗora dukiyarsa a kai daga tulin da ke shigo masa dare da rana.

Mutanen da kasuwarsu

Hanyar hajji ta ƙasa ce ta fara kai Hausawa da Fulani wannan yanki. Zaman ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wajen 1906, garin ya ɗauki sunansa. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun noman Jazira, wanda daga baya aka haɗa masa Manaƙil ya haura feddan miliyan biyu, sai aikin auduga ya jawo ƙarin dubban mutanen Yamma. Wasu sun sami hawasha, filin da hukuma ke ba manomi, amma akasari sun zauna a kambo, wato sansanonin ma'aikata da ke gefen gonaki, suna ƙodago da noman raba-daidai na gyaɗa da dawa. A kudu, wajen Damazin da Rusairis, an san su da kamun kifi, da lambun bakin kogi, da noman damina na riɗi da dawa. A birane kuwa ga agashe, ga furar da Sudanawa ke kira godogodo.

Shekaru da dama manomin Jazira bai damu da binciken kasuwar babban amfaninsa ba. Hukuma ke cewa a shuka auduga, ita ke ɗauka, ita ke yanke kuɗi. Dokar gandun Jazira ta 2005 ta sakar wa manomi mara ya zaɓi abin da zai shuka, sai nauyin shawara ya dawo wuyansa: gyaɗa ko albasa, a sayar da kaka ko a ajiye zuwa bazara, a kai Wad Madani ko a jira mai saye ya zo gida. A daidai wannan lokaci wayar hannu ta bazu, WhatsApp da Facebook suka biyo baya.

Abin da waya ta gyara, da inda ta tsaya

Ba a musun alherin waya a kasuwa. Mai bincike Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsin Nijar a shekarun da sabis ke yaɗuwa, daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Robert Jensen ya ga makamancin haka a wurin masuntan Kerala ta Indiya: da suka fara buga waya tun suna kan ruwa, zubar da kifin da ya rasa mai saye ya ƙare, ribarsu ta ƙaru.

Sai dai a lura da irin wayar da ake magana a kanta. Mutum ne ke kiran mutumin da ya sani, ya yi masa tambaya ɗaya, ya sami amsa ɗaya. Da Marcel Fafchamps da Bart Minten suka gwada aika wa manoman Maharashtra ta Indiya saƙonnin farashi a kai a kai, binciken da suka wallafa a 2012 bai ga wani ƙari a zo a gani ba a kuɗin da manoman ke karɓa. Labarin da ka nema ya bambanta da wanda aka zubo maka. Tun a 1971 Herbert Simon ya yi nuni da cewa abin da labari ke ci shi ne hankalin mai karɓarsa, don haka duk inda labari ya yi yawa, hankali ne zai yi ƙaranci.

Me ya cika wayar

Na farko, ginin kafar kanta. Zauren WhatsApp guda yana ɗaukar mutum 1,024, kuma da wuya a ga ɗan kasuwa mai zaure ɗaya. Akwai na dangi, na 'yan riɗi, na direbobi, na 'yan gari mazauna Saudiyya. Saƙo ɗaya kan shigo masa ta ƙofa huɗu, sai ya ɗauka shaidu huɗu ya samu, alhali baki ɗaya ne ya faɗa. Kamfanin ya san da matsalar: a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da wanda ya sha yawo zuwa wuri ɗaya, ga kuma alamar kibiya biyu da yake sa masa. Amma wanda ya saurari murya ya sake faɗinta da bakinsa ya riga ya goge wannan alama.

Na biyu, kuɗi. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari a tsakiyar shekarar. Kafin yaƙin 2023 dala tana wajen fam 600, a 2024 ta wuce 2,000 a kasuwar bayan fage. Riɗi da gyaɗa da ƙaro kayan fitarwa ne, farashinsu yana bin dala sau da ƙafa, shi ya sa shafukan da ke kawo farashin dala suka zama abin dubawar kowa da safe. Farashin jiya ya tsufa, na makon jiya kuwa ya zama tarihi.

Na uku, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati sun kama Wad Madani a Disamban wannan shekara, suka shiga Sinja a ƙarshen Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairun 2025. A tsawon wannan lokaci labarin hanya ya shiga cikin farashi: wace gada ake bi, shinge nawa ne, nawa ake karɓa a kowanne.

Na huɗu, masu manufa. Wanda ya cika sito yana so a ji kaya zai yi wuta, wanda ke shirin saye yana so a ji an rufe fitarwa. Ƙaryar tana shiga ne domin gaskiya mai kama da ita ta taɓa faruwa: a Afrilun 2020 an hana fitar da ɗanyar gyaɗa, a Maris ɗin 2025 aka hana shigo da kaya daga Kenya, inda shayi ke fitowa. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai yi wasa da takarda mai hatimi ba, ko ta jabu ce. Akwai kuma ƙaryar da ake shiryawa da gangan. A Oktoban 2021 Facebook ya sanar da rufe ɗaruruwan shafukan bogi masu alaƙa da RSF.

Lamba ɗaya, ma'ana biyar

A ɗauki saƙon da ya fi kowane yawo da kaka: “Riɗi ya kai kaza a Gadarif.” A ido cikakken labari ne. Gogaggen ɗan kasuwa kuwa ya san ba a gaya masa komai ba tukuna.

Wane riɗi? Farin Gadarif da aka tankaɗe tsaf ba kuɗinsu ɗaya da gauraye mai ƙasa ba. Haka dawa: feterita daban, tabat daban, wad ahmad daban, dabar daban.

Da wane ma'auni? Riɗi da kintari ake aunawa, wajen kilo 45. Dawa da ardab, wato buhu biyu, ko kela 12. Uwargida kuma da malwa take saye. Wanda ya ji kuɗin ardab ya ɗauka na buhu ne ya ninka wa kansa mafarki.

Da wane lissafi? Fam ɗin da ake kashewa yanzu ya fito a 2007, kowane ɗaya a madadin tsohon fam dubu, amma bakin jama'a bai saki tsohon ƙirga ba. Fam dubu ake ce wa miliyan, fam miliyan kuma miliyar. Ɗan'uwa a Kano ya ji “miliyan hamsin” sai ya dafe ƙirji, alhali fam dubu hamsin ake nufi.

Kuɗi hannu ko Bankak? Tun da yaƙi ya rufe bankuna da yawa, manhajar Bankin Kartum ta zama jakar kuɗin jama'a. Inda tsabar kuɗi ta yi wuya, mai canza maka tiransifa zuwa takarda yana cire kasonsa, sai kaya ɗaya ya zama da farashi biyu. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a Disamban 2024 ya ƙara tura mutane ga tiransifa.

Sannan babbar tambaya: an taya ne ko an sallama? Kuɗin da mai kaya ya ambata, da wanda aka taya ya ce albarka, da wanda aka sallama a kai kuɗi ya canza hannu, abubuwa uku ne. Na ukun ne kaɗai farashi. Akasarin abin da ke yawo a waya na farko ne ko na biyu, domin wanda ya sayar da araha ba ya shela, wanda ya ji taya mai tsoka kuwa yana son kowa ya ji. Ko an sami farashin sallamar ma, na Gadarif ne. Sai an cire kuɗin mota, da buhu, da 'yan dako, da la'adar dillali, da zakka, da harajin ƙaramar hukuma, da na shingaye, sannan a san abin da kintarin ya taka a ƙauye.

Waɗanda ba sa cikin wayar

Mai bincike daga waje, kamfanin mai ne ko ɗan kasuwar Dawanau da ke son sanin halin riɗin Sudan kafin ya yi ciniki da masu saye daga Chaina, tasa matsalar ta fi ta manomi. Manhajojin da ke sauraren kafofin sada zumunta rubutu suke karantawa, rubutun ma na fili. Hirar kasuwar waɗannan ƙauyuka kuwa a rufaffun zauruka ake yinta, da murya, da Hausar da ta sha Larabcin Sudan. Wanda ya rubuta, da baƙin Larabci zai rubuta, domin da shi ya yi karatu. Ƙofofin da masu bincike ke leƙawa ma sun ragu: Twitter ya daina ba da bayanansa kyauta a 2023, Meta ya rufe CrowdTangle a Agustan 2024.

Abin da ya rage a fili shi ne muryar masu babbar waya da data: matasan birni, manyan dillalai, 'yan gari mazauna ƙetare. Matar da ke soya ƙuli-ƙuli a cikin gida tana aika yara talla, wadda ta fi kowa sanin ranar da gyaɗa ta fara wuyar samu, ba ta ciki. Ɗan ƙodagon kambo da ya ga ruwa bai iso ƙaramar magudana ba, wanda ya san gyaɗar bana ba za ta yi auki ba tun kafin kasuwa ta sani, shi ma ba ya ciki. Wayar tana kawo labarin nesa fiye da kima, na kusa kuma kaɗan. Duk wanda ya auna kasuwa da abin da ya gani a Facebook kaɗai ya auna masu surutu ne.

Yadda ake tacewa

Tacewa daga shawara take farawa, kafin a taɓa waya. Me zan yanke a wannan mako? In sayar da riɗi ne ko ajiyewa, abin da ake buƙata bai wuce huɗu ba: farashin sallama a babbar kasuwa, kuɗin kai kaya can, inda dala ta dosa, da halin hanya. Duk saƙon da bai taɓa ɗaya daga ciki ba, ko gaskiya ne, ba na yau ba ne.

Sai tantance mai ba da labari. Mutanen da suka tashi a makarantun allo da zaurukan malamai ba baƙin wannan ilimi ba ne, domin malaman hadisi tun tuni suke tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya kuma halinsa yake. Haka ya kamata a yi wa farashi. Wanda ya sayar da hannunsa ya karɓi kuɗi shi ne a gaba, sai wanda aka yi cinikin a gabansa, sai can ƙarshe mai cewa “an ce”. A kuma tambayi abin da mai labarin ke riƙe da shi: yana da kaya a sito, ko kuɗi ne a hannunsa yana neman kaya? Ba lallai ne ya yi ƙarya ba, amma kowa gefen da ya fi masa daɗi yake fara gani. Shaidu uku da ba su ji daga juna ba, misali direba da manomin da ya sayar jiya da mai awo, sun fi zaure mai mutum dubu.

Sai a sami turken da za a riƙa gwada sauran labarai da shi. Gwanjon Gadarif shi ne na riɗi da dawa, kasuwar amfanin gona ta Al-Ubayyid ta ƙaro da gyaɗa da zoɓo. Akwai farashin da gwamnati kan sanar ta hannun Bankin Noma a kan alkama da dawa, akwai rahotannin wata-wata na Hukumar Abinci ta Duniya da na FEWS NET. Waɗannan rahotanni ba su da saurin da za a yi cinikin yau da su, amma suna nuna inda kasuwa ta fuskanta. Lambar da ta yi musu nisa ƙwarai, sai ta kawo hujja.

Sai rubutu. Littafi ɗan ƙarami, layi ɗaya kullum: rana, kasuwa, irin kaya, ma'auni, kuɗi hannu ko tiransifa, sunan wanda ya faɗa. Bayan kaka ɗaya littafin zai nuna wane ne maganarsa ke tabbata, wane ne kullum nasa ke zarcewa. Wannan sani ya fi kowace lamba daraja, kuma ba ya cikin waya.

Sai ƙayyade lokaci da wuri. A duba da safe, a duba bayan an tashi kasuwa. Zauren farashi kuma ya tsaya a kan farashi. Wannan doka ta wuce batun ciniki. A Yulin 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, mutum sama da ɗari suka rasu, a Oktoba kuma sama da ɗari biyu a yankin Wad al-Mahi. Masu sa ido da dama sun nuna rawar da kalaman ƙiyayya a kafofin sada zumunta suka taka. Wayar da ke kawo kuɗin albasa ita ke kawo bidiyon da ba a san ranarsa ba, mai saye da mai sayarwa kuma galibi ba ƙabilarsu ɗaya ba. Shugaban zauren da ya goge irin wannan saƙo nan take, kasuwar kanta ya tsare.

Abin da yankewar sabis ta koyar

A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke gaba ɗaya. Wurare da yawa a Jazira sun daɗe ba sabis, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu na'urar Starlink. Wanda ya yi tafiyar ƙafa ya biya awa guda ba ya ɓata ta a zauruka. Zai duba Bankak, ya kira ɗa ko ƙane, ya kira amininsa na kasuwa ya yi masa tambaya biyu, ya tashi. Wuya ta tilasta wa mutane tacewar da ba su yi ba lokacin yalwa. Ta kuma nuna wanda ke da jari na gaske: mai lambobin mutum biyar amintattu ya ci gaba da ciniki, mai zauruka ashirin ya rasa wanda zai kira. Zuwa da kai ya fi saƙo, in ba hali kuma, saƙon wanda ka sani.

Sani ba ya isa

Akwai iyakar da tacewa ba ta wucewa. Manomin da ya ci shail tun Agusta, wato ya karɓi kuɗi ko hatsi a hannun ɗan kasuwa bisa alkawarin biya da amfani a kan farashin da aka yanke tun gona tana kore, ya riga ya sayar. Labarin Gadarif ba zai ƙara masa komai ba sai takaici. Haka wanda ba shi da wurin ajiya, ko mai buhu biyar da ba za su cika mota ba.

Shi ya sa maganin ya fi kyau a yi shi a ƙungiyance. Nijar tana da hukumar SIMA da ke tattara farashin kasuwanni ana yaɗawa ta rediyo. Ƙauye ko kambo na iya yin nasa ƙarami: a zaɓi mutum ɗaya wanda ba ya saye ba ya dillanci, ya kira amintattu a Gadarif da Sinnar da Damazin, ya aika murya ɗaya a rana, da Hausa, a kan tsari ɗaya, yana ambaton ma'auni da irin kuɗi da wanda ya shaida sallamar. Mata masu sana'ar gida su ma a riƙa jin nasu labarin ana sa shi a ciki. A haɗa wannan da sito na tarayya, da hayar mota ta tarayya, da asusun da zai ɗauke wa mutum buƙatar Agusta.

Akwai kuma hanyar gane ko aikin ya yi amfani. A kowace kaka a ɗauki farashin sallama na babbar kasuwa, a cire duk kuɗin kai kaya, a gwada da abin da manomi ya karɓa a ƙauye. In tazarar tana raguwa, tacewar ta biya. In ba ta motsa ba bayan kowa ya san farashin gaskiya, to sai a bar zargin waya, a nemi gyara a wajen bashi da ajiya da hanya.